Sharhi a Kan Hausar da Ake Neman Ƙarin Wakilcin Mata da Ita a Ƙananan Hukumomin Kudancin Jihar Kaduna

1.0 Gabatarwa

Tun bayan babban taron mata na duniya da aka yi a birnin Bejin na ƙasar Sin a shekarar 1995, kiran a ƙara yawan mata a kujerun mulki ya zama ruwan dare a Nijeriya. A shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta fitar da manufarta game da daidaiton jinsi, inda ta ambaci kashi 35 cikin ɗari a matsayin rabon da ya kamata mata su samu. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan batu ta fuskar shari'a da siyasa da addini, amma harshen da ake isar da kiran da shi ga talaka bai samu kulawar da ta dace ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan kalmomi da jumlolin Hausa da ake amfani da su wajen wannan kira, ta kuma auna su da abin da ya faru a Kafanchan da kewayenta. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, nahawun Hausa ba shi da laifi a cikin ƙarancin mata a majalisun ƙananan hukumomi, amma zaɓen kalmomin masu kiran yana da nasa kason laifi, domin kalmomin kyauta da alfarma ne, alhali kujerar kansila da ta shugaban ƙaramar hukuma ta hanyar takara ake hawansu.

2.0 Matsayin Hausa a Yankin

Mazaɓar sanata ta Kudancin Kaduna ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 daga cikin 23 na jihar, wato Jema'a mai hedikwata a Kafanchan, da Kaura, da Zangon Kataf, da Jaba, da Sanga, da Kachiya, da Kagarko, da Kauru. Yanki ne mai tarin harsuna, daga cikinsu akwai Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Fantswam da Ninzo. Hausa ce ta haɗa waɗannan al'ummu a kasuwa da tasha da wuraren ibada. Dalilan haka sanannu ne: tsofaffin zangunan fatake, da mulkin masarautun Zazzau da Jema'a, da mahaɗar jirgin ƙasa wadda ta raya garin Kafanchan a zamanin Turawa, sannan da aikin mishan wanda ya ɗauki Hausa a matsayin harshen wa'azi, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932.

Saboda haka duk ɗan takarar da mazaɓarsa ta haɗa ƙabila fiye da ɗaya, da Hausa yake roƙon ƙuri'a. Haka kuma ƙungiyoyin da ke wayar da kan mata, ko da da Ingilishi suka tsara takardunsu a Abuja ko Kaduna, da Hausa saƙon ke shiga kunnen matar da ke sayar da citta a kasuwar Kwoi ko Kachiya. Ke nan siffar da saƙon ya ɗauka a Hausa ita ce siffarsa ta ainihi a wurin masu jefa ƙuri'a.

3.0 Nahawu da Jinsi

Akwai ra'ayin da ke cewa harshen da ke bambanta jinsi yakan fifita namiji, ya mayar da mace abin da ake ƙarowa daga baya. Ya kamata a gwada wannan ra'ayi da Hausa kafin a karɓe shi.

Daidaitacciyar Hausa tana bambanta namiji da tamace a tilon suna, da wakilin suna na mutum na biyu da na uku, da kuma mahaɗi. A jam'i babu wannan bambanci. Idan aka dubi sunayen muƙaman siyasa za a ga harshen ya tanadi hanyoyi uku na fitar da tamace:

(1) ta hanyar ɗafa-ƙeya: wakili/wakiliya, mataimaki/mataimakiya, sakatare/sakatariya

(2) ta hanyar ɗan/'yar: ɗan takara/'yar takara, ɗan majalisa/'yar majalisa

(3) ta hanyar mahaɗi: shugaban/shugabar, kansilan/kansilar, ministan/ministar, kantoman/kantomar

Rukuni na (3) yana da ban sha'awa. Bisa ɗabi'ar Hausa, yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin /a/ jinsin tamace suke ɗauka, kamar riga da mota da makaranta. Kalmomin aro irin su kansila da sanata da minista da gwamna duk da /a/ suka ƙare, amma sun shigo harshen da jinsin namiji, saboda maza ne ke riƙe da muƙaman a lokacin da aka aro su. Da mata suka fara hawa, sai mahaɗin /-r/ ya maƙale musu ba tare da wata wahala ba. Lokacin da Nenadi Usman, 'yar ƙaramar hukumar Kagarko, ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2006 zuwa 2007, babu mai sauraron rediyon da ya yi tuntuɓe da jin "ministar kuɗi". Kalma ɗaya ce ta ƙi lanƙwasuwa, wato ciyaman, domin ta ƙare da baƙi kuma tana ɗauke da namiji tun daga harshen da aka aro ta. Ita ma an kewaye ta da "shugabar ƙaramar hukuma".

Hujja mafi ƙarfi tana cikin Hausar yankin kanta. Harsunan Tyap da Jju da Hyam da 'yan'uwansu ba sa raba sunaye zuwa namiji da tamace, kuma wakilin sunansu ɗaya ne ga mace da namiji. Wannan ya yi naso a Hausar da ake ji a Kafanchan, inda mahaɗin /-n/ ke mamaye wurin /-r/, a ce "rigan" da "motan" da "shugaban zumunta" ko da mace ake nufi. Ko a karin harshen Zazzau akwai irin wannan sassauci. Da a ce bambanta jinsi a nahawu ne ke hana mata kujera, da wannan yanki ya cika da kansiloli mata. Haka ma ƙasar Yarbawa da ta Ibo, waɗanda harsunansu ba su da jinsin nahawu, da sun yi wa kowa fintinkau. Tun da ba haka abin yake ba, dole a nemi matsalar a wani sashe na harshe.

4.0 Aikatau da Matsayin Mace a Jumla

Sashen da ya kamata a duba shi ne ginin jumlolin da ake yin kiran da su. Duk mai sauraron shirye-shiryen siyasa na Hausa ko mai halartar tarurrukan wayar da kai ya saba da irin waɗannan:

(4) A ba mata dama.

(5) A riƙa damawa da mata a harkokin mulki.

(6) A tafi da mata.

(7) A ware wa mata kujeru.

(8) A tallafa wa mata, a ƙarfafa musu gwiwa.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, a dukkan jumlolin nan biyar mace ba ta zo a gurbin aikau ba. Ko dai karɓau ce, ko kuwa ta biyo bayan "da" a matsayin wadda aka yi rakiya da ita. Abu na biyu, aikau ɗin kansa ɓoyayye ne, domin an yi amfani da lamirin "a" wanda ba ya nuna kowa. Ba a ce jam'iyya ba, ba a ce majalisar dokokin jiha ba, ba a ce wakilan zaɓen fid da gwani ba. Roƙon da ba a ambaci wanda ake yi wa ba kuwa, babu wanda za a kama da laifin ƙin amsa shi.

Abu na uku ya shafi ma'anar aikatan. "Ba" da "ware" da "tallafa" duk suna ɗauke da zaton cewa abin yana hannun wani, kuma shi ke da ikon bayarwa ko hanawa. "Damawa" daga fagen fura da kunu aka ɗauko ta, kuma wanda aka dama da shi ba lalle ne ludayin ya shiga hannunsa ba. "Tafiya da" kuwa ita ce kalmar da ake yi wa yaro ko kaya. A kwatanta waɗannan da aikatan da ake bayyana siyasar maza da su:

(9) Ya tsaya takara.

(10) Ya kayar da abokin hamayyarsa.

(11) Ya lashe zaɓe, ya kama aiki.

A nan ɗan siyasa shi ne aikau, kuma aikatan na kokawa ne da cin nasara. Wato harshen siyasa ya rabu gida biyu: kalmomin gwagwarmaya ga maza, kalmomin rabon alheri ga mata.

Fassarar kashi 35 cikin ɗari da "kason mata" ta ƙara dagula lamarin. A kunnen Bahaushe kaso abu ne da ake samu wajen rabon gado ko nama ko riba, bayan wani ya riga ya tara abin. Wanda ya karɓi kaso godiya ake jira daga gare shi. Haka abin yake ga "fom kyauta", wato yafe ko rage kuɗin takardar neman tsayawa takara da manyan jam'iyyu kan yi wa mata. Niyyar mai kyau ce, amma idan aka zo zaman maslaha aka ce wani ya janye, wadda ta shigo da kyauta ita ce mafi sauƙin roƙo, domin ana ganin ba ta yi asarar komai ba.

5.0 Sunayen Muƙaman da Aka Keɓe wa Mata

A tsarin jam'iyyu, tun daga mazaɓa har zuwa tarayya, akwai muƙami ɗaya da babu mai ja da mace a kansa, shi ne "shugabar mata". A nahawu, ginin "shugabar mata" da na "shugabar ƙaramar hukuma" iri ɗaya ne. A ma'ana kuwa akwai rata mai faɗi, domin suna na biyu shi ke iyakance ikon na farko. Shugabar mata aikinta tara mata ranar taro, da rabon anko, da shirya masu guɗa da 'yan amshi. Ba ta da hannu a kasafin kuɗi, kuma ba ta zama a majalisa. Akwai kuma "uwargidan ciyaman", wanda ba muƙami ba ne a doka, amma tun zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya zama fuskar mace da aka fi gani a sakatariyar ƙaramar hukuma. Yarinyar da ta tashi tana jin waɗannan sunaye biyu kaɗai, ta riga ta koyi inda aka shata wa mace iyaka.

Tarihin sarautun Hausa ya nuna cewa irin wannan ƙunci na ma'ana yana faruwa ne sannu a hankali. Smith (1960) ya bayyana cewa a tsarin sarautar Zazzau kafin jihadi akwai muƙaman da mata ke riƙewa, ciki har da Iya. A yau Iyan Zazzau sarautar maza ce. Magajiya kuwa, wadda tarihin Daura ya danganta da mata masu mulkin ƙasa, ma'anarta ta gangaro har ta kai ana kiran shugabar mata masu zaman kansu da ita. Da jam'iyyun NEPU da NPC suka kafa rassan mata a shekarun 1950, wannan ma'ana ta biyu ta shafa wa mata 'yan siyasa baƙin fenti, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da wulaƙanci a wannan yanayi. Har yanzu inuwar wannan zargi ba ta gama gushewa ba, kuma ita ce makamin farko da ake zaro wa 'yar takara.

Akwai kuma kalmar "baƙuwa". Siyasar ƙaramar hukuma a kudancin Kaduna tana tafiya ne da lissafin ƙabila da gunduma da karɓa-karɓa. Matar da aka haifa a Zangon Kataf ta yi aure a Jema'a tana iya jin an ce mata a garin mijinta ita baƙuwa ce, a garin mahaifinta kuma a ce ta riga ta fita. Namiji ba ya fuskantar wannan tambaya. Ɗaya daga cikin ƙudurori biyar da suka shafi mata waɗanda Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da su a watan Maris na 2022 ya nemi a ba matar aure damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar. Ko da ya wuce, da bai warware matsalar mazaɓar kansila ba, inda baƙuncin tsakanin ƙauye da ƙauye ne.

6.0 Naɗi da Zaɓe

Idan aka ɗora wannan nazari a kan abin da ya faru a zahiri, za a ga harshe da aiki sun yi daidai. Matan Arewa sun fara samun 'yancin jefa ƙuri'a ne da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi. Ke nan ta ƙofar ƙaramar hukuma suka shiga siyasar zaɓe, amma a nan ne kuma sawunsu ya fi ƙaranci.

Jihar Kaduna ba ta rasa mata a manyan muƙamai ba. A 2021, da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kafa hukumomin raya birane uku, Phoebe Sukai Yayi ce aka ɗora a kan ta Kafanchan, Balaraba Aliyu-Inuwa kuma a kan ta Zariya. Dokta Saratu Binta Dikko-Audu ce ta shugabanci hukumar zaɓe ta jiha a zaɓukan ƙananan hukumomi na 2018 da 2021, waɗanda aka yi da na'urar jefa ƙuri'a. Dokta Hadiza Sabuwa Balarabe, 'yar ƙaramar hukumar Sanga, ta zama mataimakiyar gwamna a 2019, ta sake zama a 2023. Uku na farko naɗi ne, ta huɗu kuma ɗan takarar gwamna ne ya ɗauko ta su yi takara tare. Waɗannan su ne amsar jumlolin (4) zuwa (8): an nemi a ba mata, an kuwa ba su. Wannan ba ya rage komai daga cancantarsu, sai dai muƙamin da alƙalamin mutum ɗaya ya bayar, alƙalamin wani na iya karɓewa.

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suka shiga ta jumlolin (9) zuwa (11). Nenadi Usman ta ci kujerar sanatan Kudancin Kaduna a 2011. Comfort Amwe ta ci kujerar Sanga a majalisar dokokin jiha a 2019. Larai Sylvia Ishaku ta zama shugabar ƙaramar hukumar Jaba a zaɓen watan Oktoba na 2024. Waɗannan sun isa hujja cewa mai jefa ƙuri'a a yankin ba ya ƙyamar mace. Amma a jihar da ke da kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255, kasancewar ana iya lissafa irin waɗannan sunaye da yatsu ita ce matsalar. Muhimmancin kujerun kuma ya ƙaru tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su gudanar da su. Rijiya da asibitin unguwa da rumfar kasuwa da makarantar firamare duk a wannan mataki ake yanke shawararsu, kuma mata ne suka fi kowa mu'amala da su.

Ba a nufin cewa keɓe kujeru ba shi da amfani. Indiya ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka da gyaran tsarin mulki na 1992, Yuganda ta yi haka da dokar ƙananan hukumomi ta 1997. Jamhuriyar Nijar, inda Hausa ke da rinjaye, ta kafa doka a 2000 wadda ta tilasta kashi 10 cikin ɗari a muƙaman zaɓe, ta ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kafin juyin mulkin 2023 ya dakatar da tsarin zaɓe. Abin lura shi ne, a duk waɗannan wurare doka ce ta wajabta, kuma an san wanda aka wajabta wa. Kalmar da ta dace da wannan a Hausa ita ce haƙƙi ko wajibi, waɗanda ake bin bashinsu, saɓanin alfarma wadda ake roƙo.

7.0 Kalmomin da Ke Hannu

Babban abin da masu tsara saƙonni suka tsallake shi ne, matan yankin suna da nasu harshen shugabanci, kuma da Hausa yake. Zumuntar Mata a majami'un ECWA da Katolika da Baftis da Angilikan ƙungiya ce mai tsari tun daga ƙauye har zuwa gunduma. Tana da uwar zumunta da mataimakiya da sakatariya da ma'aji, tana zaɓe, tana tara kuɗi, tana karanta rahoton shiga da fita a gaban membobi. A ɓangaren Musulmi akwai FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, mai kiran shugabarta Amira. A kasuwa akwai uwar adashi, wadda amanar dukiyar mutane da dama ke hannunta ba tare da takarda ko ɗan sanda ba. A waɗannan fagage mace ce aikau: ta tsaya, an zaɓe ta, ta riƙe amana, ta ba da lissafi.

Saƙon da aka gina a kan waɗannan kalmomi zai fi kama hankali fiye da fassarar da aka kwaso daga Ingilishi. A maimakon jumla ta (4), ana iya cewa:

(12) Mace ta riƙe asusun zumunta, za ta riƙe na mazaɓa.

(13) Jam'iyya ta fitar da sunayen matan da ta tsayar, mazaɓa bayan mazaɓa.

(14) Majalisar dokokin jiha ta sa adadin kansiloli mata a cikin doka.

A (12) mace ta koma gurbin aikau, a (13) da (14) kuwa an kira sunan wanda nauyin ke kansa. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa jihohi alhakin yin dokar da ta tsara majalisun ƙananan hukumomi, saboda haka (14) ba sai ta jira Abuja ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Hausa tana da cikakkun kayan aikin ambaton mace a kowane muƙami, kuma raunin bambancin jinsi a Hausar Kafanchan bai ƙara wa mata kujera ko ɗaya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne aikatan bayarwa, da ɓoye aikau, da sunayen muƙaman da suka killace mace a cikin mata. Gyaran kalma kaɗai ba zai biya kuɗin yaƙin neman zaɓe ba, ba kuma zai sauya wakilan zaɓen fid da gwani ba, amma masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo da malaman harshe suna da iko a kan wannan sashe na matsalar. Akwai buƙatar a tattara jawaban 'yan takara da waƙoƙin kamfe da sanarwar rediyo na yankin, a ƙididdige gurbin da mace ke zuwa a cikin jumlolinsu, sannan a yi irin wannan nazari a harsunan Tyap da Jju da Hyam domin kwatance.